Inda Aka Yaye Zabibu

Akwai wata magana da kuka taso kuna ji a gidan nan, musamman ranar Idi in an ci an ƙoshi, wai babban yayanku ya sha giya a Makka tun yana goye, wai kuma ni na ba shi. Babanku, Allah Ya jiƙansa, shi ya ƙirƙiro wasan, ku kuka gada. Yanzu ga shi ya gangara wajen jikoki, su kuwa ba su san wasa ba ne. Rannan ƙaramar 'yar Maryama ta zo ta zauna a gabana, ta tambaye ni da Larabci ko gaskiya ne. Shi ya sa na ce a kawo takarda a rubuta yadda abin ya kasance, tun da sauran hankalina a jikina.

Lokacin yaƙin Turawa ne, da jiragen ruwa suka ɗauke ƙafa, alhazai suka yi ƙaranci. Muna zaune can ƙasan unguwar Misfala cikin 'yan ƙasarmu, a ɗakin kara da aka rufe samansa da gwangwani. Babanku yana ƙera fitilu da butoci da gwangwanin kananzir, ya rataya a sanda ya kai kasuwa. Ba za a ce muna da shi ba, amma ba na tuna ranar da tukunya ta kwana ba ta hau wuta ba. In na fito tsakar gida da asuba ina jiyo kiran salla daga Harami, in ce a raina, yau ni ce a nan. Ni dai a Sudan na yi wayo. Iyayena sun baro Kano da niyyar Hajji ina ƙarama, guzuri ya ƙare a hanya, suka tsaya aikin auduga a wani ƙauye na bakin kogi, tsayuwar da ta zama zama. A can aka ɗaura mana aure, muka ƙetaro teku ni da babanku, na bar Innata tana cewa za ta biyo mu baɗi. Mahaifiyarsa kuwa tana Kano. Wato a duk faɗin Makka ba mu da tsohuwa ta jini ko ɗaya, kuma a nan matsalar take.

Ku da aka haifa a nan ba ku san kunyar ɗan fari ba. A wajenmu uwa ba ta kiran sunan ɗanta na fari, ba ta yi masa wasa a gaban mutane, in ya faɗi ma sai ta kau da kai wani ya ɗaga shi. Ba ƙiyayya ba ce, tarbiyya ce, kuma tana tafiya daidai ne saboda gidan cike yake da kakanni da gwaggonni masu yi maka abin da kai ba za ka yi ba. Ni na zo da kunyar, na bar kakannin a baya. Ina kiransa “yaron nan”, babanku yana cewa “wannan mutumin”. In ba kowa a ɗaki in rungume shi in shinshina wuyansa, da na ji motsi in ajiye shi kamar na taɓa wuta.

Bai rufe shekara da rabi ba na gane ina da wani cikin. Kwanika ke nan, abin da mata ke yi wa dariya a bayan ido. Dariyar ba ta dame ni ba kamar yadda yaron ya koma. Nono ya ja baya, shi kuma ya ƙi komai. Na dama koko ya tofar. Na yi kunun gero mai laushi na tace da tsumma, ya kau da kai. Na jiƙa gurasa a shayi, ya ture. Sai dai ya kama ƙirjina ya tsotsa, bai sami abin kirki ba, ya saki ya yi wani kuka mara ƙarfi. Wuyansa ya zama kamar na ɗan tsako, fatar cinyarsa ta yi laushi tana reto. Kullum da safe sai in zagaya damtsensa da yatsuna biyu in ga ko ya ƙara ramewa, kuma kullum sai na ga ya ƙara.

Maƙwabciyarmu Gwaggo Kande ce, Basakkwata, tsohuwa mai sayar da gyaɗa da ƙuli a bakin hanya. Ta daɗe a Makka har ta manta shekarar da ta zo. Ita ta shigo wata safiya tana jan ƙafarta mai ciwo, ta ɗaga shi sama ta duba.

“Ke ɗiyag ga, mi kika jira? Yaron ga yaye shika so.”

“Gwaggo, in kai shi wajen wa? Kuma ko ruwan koko ba ya haɗiya.”

“To ki nemo mai nonon akuya. Ki bi hanyag ga ta Yaman har gidaje su ƙare, ki wuce inda raƙuma ka shan ruwa, za ki ga lambu. Akwai wani tsoho, Ammi Hamid, shina da rumfa nan bakin lambun. Da ƙahwata lahiya ta ke, da ni na kai ki.”

Na nemi izini wajen babanku, na goya yaron, na yafa mayafi, na ɗauki kwando da ƙoƙo. Ban taɓa yin nisa haka ni kaɗai ba. Duk wanda ya dube ni sai in ga kamar ya san ban san hanya ba. Na wuce bukkokin ƙarshe, na wuce raƙuma, ga duwatsu baƙaƙe hagu da dama, zafi yana tasowa daga ƙasa. Ina tunanin juyawa ke nan sai na sha kwana, kore ya buɗe a gabana. Ban san akwai irin wannan a Makka ba. Dabinai a jere, ƙarƙashinsu kunyoyin lalo da kuɓewa da albasa, jaki yana jawo guga daga rijiya, ruwa yana bin 'yar hanyarsa yana sheƙi. Na tsaya ina kallon ganyen kuɓewa kamar na ga ɗan'uwana.

Rumfar a bakin shinge take, an yi ta da ganyen dabino. A gaba kwanduna ne na abin da aka tsinko da safe, kuɓewa ƙanana masu taushi, lalo ɗauri-ɗauri an yayyafa masa ruwa, kabewa, kankana. A rataye ga salkar zuma da ta man shanu. Gefe guda buhunan zabibi ne, busasshen inabin da ake kawowa daga Ɗa'ifa a bayan raƙumi, baƙi daban, ja daban. Can ciki kuwa, inda duhu yake, wasu manyan tuluna ne an binne gindinsu a ƙasa, an ɗaure bakinsu da tsumma. Wani wari mai tsami yana fitowa daga wajensu. Na ji shi, hancina ya san shi, amma hankalina yana kan nono, ban tsaya tunani ba.

Ammi Hamid dogo ne siriri, gemunsa ja da lalle. Na gaishe shi da ɗan Larabcin da na koyo a Sudan, na miƙa ƙoƙo na ce nonon akuya. Ya buɗe hannuwa ya ce ya ƙare tun hantsi, sai gobe. Na tsaya da ƙoƙon a hannu. Don kada in koma haka nan na zaɓi kuɓewa da lalo na zuba a kwando. A nan yaron ya yi ɗan kukan nan nasa, sai wata tsohuwa gajera mai ƙiba ta fito daga bayan buhuna tana goge hannu. Matarsa ce, Hala Zaina. Ba ta tambaye ni ba, ta zagaya bayana ta kwance goyon, ta ɗora shi a cinya tana juya shi.

“Ya binti,” in ji ta, wato 'yata, “yaya sunansa?”

Na sunkuyar da kai.

Ta ɗauka ban ji ba, ta sake tambaya da ƙarfi, tana nuna shi da yatsa. Na kau da kai.

“Ɗanki ne kuwa?”

Na ɗaga kai alamar eh.

“Hamid, zo ka ga uwar da ba ta san sunan ɗanta ba.”

“Ki ƙyale ta,” in ji tsohon, yana gyara kankana. “Haka mutanen nan suke da na fari. Na ga wata ma ta yi haka.”

“To ni ba na riƙe yaro ba suna. Dube shi, ɗan ƙarami, baƙi, duk ya yamutse. Wannan ai zabib ne.”

Daga nan sunan Zabibu ya fito, wanda har a wajen aikinsa da shi aka san shi.

Ta miƙa hannu ta jawo wani ƙaramin tulu da aka naɗe da jiƙaƙƙen buhu, ta tsiyayo wani abu ja-ja mai duhu a finjali, ta tsoma yatsa ta shafa masa a leɓe. Ya lashe. Ta sake shafawa, ya kama yatsan. Sai ta kafa masa finjalin a baki, ina tsaye ina jin maƙogwaronsa yana haɗiya. Ya shanye, ta ƙara, ya shanye. Ni kuwa na juya ina kallon jakin rijiya, don kada su ga fuskata. Can sai na juyo na tambaye ta mene ne wannan.

Ta ce, “Sharab.”

To ku saurara, don a nan duk labarin yake. A ƙauyen da na girma a Sudan akwai wani gida a bayan gari da ake dafa giyar dawa. Maza su shiga da ƙafarsu su fito da ta wani. In za mu wuce zuwa kogi Innata takan ja ni ɗaya gefen hanya, ta tofar da yawu ta ce, “Gidan sharab ne, kada ki ko kalla.” Ban taɓa jin kalmar a wani wuri ba sai a kan gidan nan. Kuma warin da ke fitowa daga gidan, tsami-tsami, shi ne nan take hancina ya ce mini yana fitowa daga manyan tulunan da ke cikin duhu. Na dubi tulunan, na dubi finjalin, na dubi gemun tsohon da lallensa. Na fizgi yaron na saɓa a baya, ko ɗaurin kirki ban yi ba, na bar kwando da ƙoƙo a nan. Ina jin Hala Zaina tana kira, ya binti, ya binti, ban waiwaya ba.

Kafin in kai wajen raƙuma ya yi barci. Ba irin barcin da ya saba ba, na minti kaɗan da firgita. Ya saki jiki gaba ɗaya, kansa yana lilo a bayana. Na iso gida na shimfiɗe shi a tabarma, ya baje hannu da ƙafa, har da minshari. Na ɗaga hannunsa na saki, ya faɗi yaraf. Can sai na ga yana murmushi cikin barci. Na ce shi ke nan, haka na ga mutanen gidan nan suna yi a gindin bishiya. Na zauna na haɗa kai da gwiwa. Mutane suna sayar da gonakinsu su yi shekaru a hanya don su zo garin nan a yafe musu, ni kuwa na zo na ɗura wa yaron da bai san komai ba giya, a ƙasar da aka ce zunubi ma nauyinsa daban ne.

Babanku ya dawo bayan azahar da ragowar fitilunsa. Ya ga ba abinci, ya ga fuskata.

“Lafiya?”

“Malam, yaron nan.”

“Me ya same shi?” Ya ajiye sandar da sauri ya durƙusa.

“Ya bugu.”

“Ya bugu da me? Faɗuwa ya yi?”

“Ba irin wannan ba. Irin ta masu sha.”

Ya dube ni. Sannan ya sunkuya ya shinshina bakin yaron, ya ɗago, ya sake shinshinawa.

“Ni dai zaƙi nake ji. Bari in kira Gwaggo.”

Gwaggo Kande ta shigo, na fara ba ta labari ina kuka, muryata tana tashi. Ina isa wajen tuluna ta sa tafin hannu ta toshe mini baki.

“Sassauta. Katangag ga kara ce. So kike masu sanda, 'yan hisba, su ji, su tai su farfashe ma bawan Allah tuluna, su zane shi gaban jama'a?”

Sai da na yi shiru ta ce in faɗi abin da matar ta ce. Na raɗa mata. Ta zauna daɓas a ƙasa, ta riƙe ƙafarta mai ciwo, ta yi ta dariya ba sauti har hawaye. Da ta samu numfashi ta ce a garin nan duk abin da aka jiƙa aka sha sharab ne, na lemo sharab, na tsamiya sharab. Wanda aka ba yaron zabibi ne kawai da ruwa. Manyan tulunan kuwa halli ne, ruwan tsamin da Larabawa ke zubawa a abinci suna jiƙa albasa da shi, wanda ko a gidan limami akwai.

“To barcin fa, Gwaggo?”

“Ƙoshi ne, ɗiyag ga. Kin manta kamanninai.”

Babanku ya fita waje, ina jiyo shi yana tari irin na mai ɓoye dariya. Ni ban yi dariya ba. Kun san halina, sai na gani da idona. Da yamma yaron ya farka ya nemi abin da ya sha, na ba shi koko ya watsar. Washegari da sassafe Gwaggo ta dafa kafaɗata muka kama hanya, muna tafiya muna hutawa. Duk hanya ina roƙonta kada ta faɗa musu abin da na zata. Ta ce to. Muna isa, ko gaisuwa ba ta gama ba ta faɗa.

Hala Zaina ta tuntsire. Ammi Hamid bai yi dariya ba. Ya yi a'uziyya, ya shiga ciki ya kwance bakin tulu ɗaya, ya ɗebo a cokali ya miƙo mini ya ce in sha. Na kurɓa. Tsamin ya hau mini har ƙwaƙwalwa, idona ya rufe, haƙorana suka mutu. Sai a nan ya yi murmushi, ya ce duk wanda ya iya buguwa da wannan, shi zai ba shi tulun kyauta. Sannan ya sa matarsa ta nuna mini yadda take yin na yaron. Ta ɗauko baƙin zabibi, wanda ta wanke ta jiƙa tun asuba, ta murje shi da hannu a akushi, ta tace da farin ƙyalle. Ya ce abin da ya rage in rana ta faɗi, gindin dabino ake zuba wa, nasa ba ya kwana balle ya juya ya zama giya. Kwandona yana nan inda na bar shi, an rufe kuɓewar da jiƙaƙƙen tsumma don kada ta yi yaushi.

Tun daga ranar rumfar nan ta zama kasuwata. In tafi da sanyin safiya, in zaɓi kayan miya, Ammi Hamid ya koya mini gane kankana da ƙwanƙwasawa, ni kuma na nuna wa matarsa yadda muke yanka kuɓewa mu shanya ta zama busasshiya. Yaron ya tashi daga ruwan zabibi zuwa gurasa jiƙe a cikinsa, daga nan zuwa nonon akuya. Amma duk a hannun Hala Zaina. Na sayi zabibin na kawo gida na yi yadda ta yi, ya kurɓa ya ture, ya kama rigata. Muddin yana jin ƙamshina ba abin da yake so sai abin da babu. Abin da ya samu da safe sai ya zubar da shi da kukan yamma.

Hala Zaina ce ta fara furtawa. 'Ya'yanta sun girma sun watse, ɗaya yana Jidda, ɗaya Allah Ya karɓa. Ta ce, “Ki bar mini shi. Yaro ba ya manta nono yana kallonsa.” Gwaggo ta ce ai yayen ke nan, haka ake yi a gida, sai dai can kaka ake kai wa. Na zo na faɗa wa babanku bayan ya ci abinci.

“Ɗan nawa na fari zan kai wa Larabawa? Mun san asalinsu?”

“Mun san hannunsu, Malam. A shi yake ci.”

“In ya tashi da halinsu fa? Da bakinsu?”

Ban taɓa mayar masa da magana ba kafin ranar. Na ɗauko yaron na ajiye a gabansa, na zagaya damtsen da yatsuna biyu, na nuna masa sararin da ya rage. Na ce, “Rashin uwa kan sa a yi uwar ɗaki. In kana da wata tsohuwar a garin nan, ka nuna mini ƙofarta.”

Da gari ya waye na ga ya ɗauko allo yana rubutun yaye da kansa. Ya wanke aka ba yaron, na haɗa kayan yaye yadda ake yi a gida, gero da sabulu da sabon zane da 'yar hula, shi kuma ya ƙara da fitila mafi kyau cikin waɗanda ya ƙera. Gwaggo ce ta goya shi, don ba uwa ke kai ɗanta yaye ba. Na tsaya a ƙofa ina tsince shinkafar da na riga na tsince.

An ce kada ya gan ni. Ba a ce kada in je cefane ba. Kullum sai in sami abin da ya ƙare a gidan. In je in tsaya ta bayan shinge inda ganyen dabino ya yi 'yar kafa, ƙirjina yana zogi, in leƙa. Na gan shi yana kuka, na gan shi ya daina. Na gan shi zaune cikin kwandon albasa yana cin gurasa, na gan shi ya kama wutsiyar akuya ya miƙe tsaye. Ammi Hamid yakan zagayo da kwandona ya miƙo ta saman shinge, ya ba ni labari a taƙaice kamar mai faɗin farashi: ya ci, ya yi barci, ya ciji Zaina. Kowane zuwa kuwa sai na sayi kuɓewa, don kada a ce ba sayayya ta kawo ni ba. Rufin ɗakinmu ya cika da shanya. Mun sha miyar kuɓewa ɗanya da busasshiya har babanku ya ce in ya yi sujada goshinsa santsi yake yi.

Niyyarmu ya ɗan kwana biyu ya dawo. Amma ciki ya yi nauyi, ƙafafuna suka kumbura, tafiyar ta gagare ni. Hala Zaina ta aiko cewa a bar shi sai na sauka. Na haifi Maryama, na yi wankan jego, Gwaggo tana dafa mini ruwa, tsohon yana aiko da zuma da man shanu. Sai da na yi arba'in aka dawo da shi.

A kan jakin rijiya suka zo, Hala Zaina tana riƙe da shi a gaba. Ta sauke shi a ƙofa ya shigo da ƙafarsa. Ban gane shi ba sai ta kunnuwa. Kumatu sun fito, wuya ya cika har ya yi guru, an sa masa 'yar farar riga irin tasu. Ya zagaya tsakar gida yana taɓa gwangwanayen babansa, ya leƙa jaririya, ya koma ya riƙe zanen tsohuwar yana kiranta Sitti, wato kaka. Ita kuwa tana ta kuka tana ba ni umarni, kada a ba shi ruwan rana, kada a bar shi ba takalmi, a kawo mata shi duk Juma'a. Mun kuwa kai shi, har ta rasu, kuma shi ya shiga kabarinta ya karɓe ta.

Abin da babanku ya ji tsoro ya faru, ba zan ɓoye muku ba. Bakin yayanku a lambun nan ya buɗe, da Larabci ya buɗe. Ku kuma da kuka biyo baya shi kuka kwaikwaya, ba mu ba. Shi ya sa har yau ina yi muku Hausa kuna amsa mini da Larabci, jikokina kuwa sai an fassara musu ni. Wani lokaci in na yi karin magana a gidan nan ba wanda ya yi dariya, nakan ji abin a raina. A ranar da aka dawo da shi na fara ɗanɗana wannan.

Bayan tsohuwar ta tafi, ya gaji da kuka, ya zo ya tsaya a gabana yana kallona kamar yana son ya tuna inda ya san ni. Babanku yana zaune a bakin ƙofa da almakashinsa. Yaron ya nuna randa.

“Abga moya.”

Na ce, “Ruwa. Ka ce ruwa.”

Ya dube ni, ya dubi randar. “Moya.”

Babanku ya ajiye almakashin. “Kin ji abin da nake gudu.”

Na tashi na ɗebo a moɗa na miƙa masa. Ya karɓa da hannu biyu, hannuwa masu nama, ya kafa kai yana sha, ruwa yana bin haɓarsa yana jiƙa farar rigar. Na ce, “Na ji, Malam. Da bakinsa ya nema.”

Ya shanye, ya miƙo moɗar. Na ƙara masa.